Zuhal a Gidan Uwa

Melapudur, Disamba 1990

Ƙanena, Tambi Kadiresan,

Nan lafiya muke, ina marmarin jin kai ma haka kake a can Maskat. Mahaifiyarmu Atta tana nan garau, sai dai gwiwar nan da ka sani. Mijina Tangarasu yana gaishe ka. An yi ruwa sosai bana, shinkafa ta yi kyau, saniya ta haifi mace. Man zafin da ka aiko ya iso. Atta ta hana kowa taɓawa, ita ma ba ta shafawa, buɗewa kawai take yi ta sunsuna ta rufe.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar Zuhal ya tashi daga burujin Baka ya shiga na Kada. Ka san halin tauraron nan mai jan ƙafa, in ya zauna a gida sai ya shekara biyu da rabi kafin ya motsa. Duk gari mun cika farfajiyar ɗakin bauta da fitilun man riɗi, mai duba Sambandam ya hau tebur da lasifika yana faɗa wa kowa rabonsa. Waɗanda aka haifa a burujin Baka da Kada da Tulu dai shekaru bakwai da rabin nan na wahala ne a kansu, wasu sun kusa fita, wasu suna tsakiya, masu Tulu yanzu suka sa ƙafa. Ya ce masu Tagwaye su kiyayi ƙarfe da hanya. Washegari tela Palani ya sayar da babur ɗinsa, yanzu a ƙafa yake kai wa mutane ɗinki. Masu Kaguwa su yi haƙuri da abokan zamansu, sai matan da ke bayana suka kwashe da dariya, wai wannan ai ba sai tauraro ya faɗa ba. Rago zai sha wuya wurin aiki, Sa ya kula da mahaifinsa, Budurwa da 'ya'yanta. Mijina Zaki ne, an ce maƙiyansa za su faɗi, tun daga ranar yake tafiya yana buɗa kafaɗa, mutumin da ba shi da maƙiyi sai ɓerayen injin casa. Ni Kifi ce, wai riba za ta yi ta zuwa min. Atta Kunama ce, nata ma alheri ne.

Sai aka zo kan Sikeli, naka ke nan. Ya ce Zuhal ya zauna muku a gida na huɗu, gidan uwa. Da sassafe Atta ta ja ni gidansa da ayaba a faranti.

"Faɗa min gaskiya, Sambandam," in ji ta. "Ni na yi maka wanka kana jariri, kada ka yi min kwana-kwana."

Ya ce, "Atta, in Zuhal ya zauna nan sai ya raba ɗa da uwarsa. Ko nisa ya raba su, ko mutuwa. Naku nisa ya riga ya raba, ya samu abin da yake so. Ku bar shi da shi. In yaron ya dawo ya kwana ƙarƙashin rufinki, to zai nemi ɗayar hanyar, kuma ban san wanda zai ɗauka a cikinku ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama ta. Saboda haka ta ce in gaya maka kada ka zo hutun da kake shiri, kada ka zo sai Zuhal ya tashi. Ta ce in ka shigo ta ƙofar gaba, ita ta baya za ta fita. Ni ma bakina ɗaya da ita, kada ka yi mana taurin kan nan naka. Ka riƙa zuba wa hankaka, tsuntsun Zuhal, shinkafa duk Asabar, ranarsa, in akwai hankaka a can.

Yayarka,
Malarkodi

Maskat, Janairu 1991

Akka,

Yayata, lafiyata ƙalau, ina fatan kuna haka. Yaƙin da kuke ji a rediyo nesa yake da mu, ki kwantar wa Atta da hankali. Ki gaishe min da Zakin gida, ki ce ina taya ɓeraye jaje.

Na karanta wa abokan ɗakina wasiƙarki, har wani ya ƙware da shayi. Mu takwas ne a ɗakin nan, uku Sikeli ne. Wato mu uku duk iyayenmu mata suna hannun tauraro ɗaya? Ni mai walda ne, Akka, kullum cikin ƙarfe da baƙin mai nake, kayan Zuhal ke nan in ji ku. Da yana nemana ai da tuni ya same ni. Sambandam kuma, shi da ya ce wa kawu zai kai casa'in, ya mutu yana da sittin da ɗaya muka ƙona gawarsa?

Shekara biyu ban ga fuskar uwata ba. Ina kwana ina tashi da romon tsamiyarta a raina. In na bar hutun nan ya wuce, kamfani ba ya ba da wani sai bayan wasu shekaru biyun. Na yanki tikiti, ina nan zuwa a watan Afrilu. Ki ce mata in ta fita ta ƙofar baya, a can za ta tarar da ni ina jiranta.

Ƙanenki,
Kadiresan

Melapudur, Fabrairu 1991

Tambi,

Ban san ta inda zan ce maka lafiya ba. Mu dai muna raye.

Wasiƙarka ta zo ranar Asabar, ka ji ranar ma. Na karanta mata a dakalin ƙofar gida. Da na zo kan tikiti sai ta tashi ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, rijiyar da take zuwa tun kafin a haife ni. Santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugu ya karye. Yanzu tana asibiti a Kumbakonam, an sa mata ƙarfe. Ƙarfe, Tambi!

Ka yi dariyarka kai da abokan ɗakinka. Tikiti kawai ka yanka, ƙafarka ba ta ma taka jirgi ba, ga abin da ya faru. In ka sauka me kake so mu gani? Da ta farfaɗo daga allura ba ta tambayi ƙafarta ba, ce min ta yi, "Bai taso ba ko? Ki ce bai taso ba." Duk unguwa an ji, har Palani ya zo dubiya yana girgiza kai yana cewa shi dai ya ji magana ya sayar da babur.

Ban taɓa jin haushinka kamar yau ba. In ka zo wani abu ya same ta, ni da kai har abada. Ka mayar musu da tikitinsu.

Malarkodi

Maskat, Maris 1991

Akka,

Yaya jikin Atta? Ni lafiya, in wannan ita ce lafiya.

Na mayar da tikitin. Tun da wasiƙarki ta zo ban ci abincin kirki ba. Ina riƙe da ƙarfen walda sai in ga rijiyar a gabana. Kin ce in yi dariya, dariyar ta ƙare. Na sayi man riɗi, na yi fitila da murfin gwangwani, ina kunnawa duk Asabar a bayan ɗakinmu. Hankaka akwai su a bakin teku, suna cin shinkafata.

Ki gaya mata ban taso ba, ba kuma zan taso ba sai ta kira ni da bakinta ko Zuhal ya tashi. Ki shafa mata man zafin nan ko da tana faɗa, zan aiko da wani.

Kadiresan

Melapudur, Yuni 1992

Ƙanena,

Muna lafiya, ina fatan zafin can bai gasa ka ba. Ka yi haƙuri da guntayen wasiƙun da nake aiko maka tun bara, hannuna ba ya hutawa. Na dawo gidan Atta da zama gaba ɗaya, Zaki yana zuwa cin abinci ya koma. Ribar da aka ce Kifi za ta samu ta zo, wanki ne, kullum tuli guda.

Atta tana takawa da sanda har bakin titi. Sai dai ta fara wasu abubuwa. Shekaranjiya ta zuba gishiri a kofi maimakon sukari, ta sha, ta ce ni ce ban iya dafawa ba. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara. Zanen garin shinkafar da take yi a ƙofar gida kowace safiya, wanda mata ke tsayawa kallo, ta fara shi ta tsaya a tsakiya tana juya hannu, ta rasa inda layin zai bi. Da na ce in ƙarasa mata sai ta make min hannu.

Da rana kuma a dakali take wuni tana kallon hanyar da bas ke tsayawa. Duk namijin da ya sauko da akwati sai ta miƙe. Na je wurin Sambandam, ya ce Kunama ba ta da matsala, tsufa ne. Na faɗa maka ne dai don ka sani.

Yayarka

Maskat, Yuli 1992

Akka,

Ina lafiya, kuma wasiƙarki ta ƙara min lafiya. Atta tana takawa har titi! Na raba wa 'yan ɗakinmu alewa. Kin ga amfanin haƙurin ke nan.

Gishiri a kofi ya ba ni dariya. Kin manta shekarar da ta nemi tabarau gida duka yana bisa kanta? Atta ke nan. Zaman dakali kuwa na gane shi, gadi take yi kada in yi mata shigowar sata. Ki ce ta koma inuwa ta huta, ɗanta ya ji magana. Saura kaɗan, an ce cikin Maris Zuhal zai tashi.

Za a kai mu hamada aikin bututun mai, wata uku ko huɗu. Wasiƙa ba ta zuwa can sai mota ta ga dama. Kada ki damu in kin ji shiru.

Ƙanenki

Melapudur, Nuwamba 1992

Kadiresan,

Jikinta lafiya, tana ci tana sha. Wannan ita ce ta uku da nake rubuto maka ba amsa, don haka yau ba zan yi zagaye-zagaye ba.

Dariya ka yi? Na rubuto maka uwarka tana zubewa kamar katangar ƙasa a damina, kai kana raba alewa! Na sassauta maganar ne don kada hankalinka ya tashi kana bisa ƙarfe, ashe kai ba a yi maka sassauci. To ji. Atta tana mantuwa, ba irin ta tabarau ba. Ta manta mahaifinmu Appa ya rasu, tana ajiye masa abinci. Ta fita ta ɓace, a bakin kogi Palani ya tsinto ta tana neman gidan iyayenta. Mijina ba ta san shi ba yanzu, ɓarawo take ce masa. Ni wata rana ta sani, wata rana ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?" Likita a Kumbakonam ya ce ba magani, kuma gaba abin zai yi ta yi. Ya ce duk wanda yake so ta gan shi ta gane shi, ya zo yanzu.

Sunanka bai ɓace mata ba tukuna. Hotonka na jikin bango tana goge shi da bakin zaninta tana yi masa hira. Wannan ɗan abin da ya rage shi nake so ka zo ka tarar.

Ni na hana ka zuwa, ni kuma nake ce maka ka zo. Na gaji da Zuhal, ya zauna inda ya ga dama. Ka je wurin manyanku ka yi musu kuka, ka ce uwarka ce. Ina roƙonka, Tambi, ni kaɗai ce a nan kuma tsoro nake ji.

Malarkodi

Maskat, Janairu 1993

Akka,

Na dawo daga hamada lafiya. Wata shida muka yi maimakon uku. Wasiƙunki uku a ɗaure na tarar, na karanta su a tsaye, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Appa.

Na je ofis, sun yarda su ba ni hutu duk sanda na so. Na je har wurin yankan tikiti. Akka, na kasa. Na tsaya a layi, da aka zo kaina sai na fita. Wancan karon tikiti kawai na yanka ƙugunta ya karye. Ke kika rubuta min, in na zo wani abu ya same ta, ni da ke har abada. Yanzu kin janye, amma ni maganar ba ta fita daga kaina ba. Tana ci tana sha, kin ce. In na shigo ta faɗi fa? Wa zai ce min ba ni ba ne? Ko kowa ya yi shiru, ni zan faɗa wa kaina.

Na ce to bari in daure zuwa Maris. Sai wani dattijo a sansaninmu, mutumin Madurai da ya san lissafin taurari, ya nuna min abin da ban sani ba. Zuhal zai fita a Maris ɗin, amma zai ja da baya ya sake leƙo gidan a Oktoba, kamar wanda ya manta takalminsa. Sai Nuwamba zai fita fitar da ba dawowa. Ya ce leƙowar nan ta fi zaman haɗari, domin a nan yake kwashe abin da ya bari. Ki tambayi Sambandam ki ji. Mun riga mun sha wuyar shekara biyu, kada mu zubar da ita a bakin ƙofa.

Ki riƙa faɗa mata sunana kullum. Ki nuna mata hoton ki ce ga Kadiresan.

Ƙanenki

Melapudur, Maris 1993

Tambi,

Tana nan. Na tambayi Sambandam. Ya ce wasu suna lissafawa daga Maris, wasu daga Nuwamba, duka biyun akwai su a wurin magabata, mai so ya zaɓa. Na ce, "Kai da ka ɗaure mana wuya da bakinka, yanzu kuma mu za mu zaɓa?" Ya ce shi ba shi ya jera taurari ba. Saura kaɗan in jefe shi da farantin ayabar.

An sake taron fitilu, Zuhal ya shiga Tulu. Palani ya sayi sabon babur. Ni Kifi yanzu nawa shekaru bakwai da rabin suka fara, na ce musu ai na ɗauka su nake ciki tuntuni.

Jiya ta cire hotonka daga bango ta ce a mayar wa masu shi. Ba ni da sauran abin da zan ce maka. Ka zo ran da lissafinka ya cika.

Malarkodi

Madras, Disamba 1993

Akka,

Na iso Madras lafiya, gobe jirginmu zai tashi. Ina fatan kin samu barci, ki gaishe da mijinki, ki yi masa godiyar rakiya. Wata guda muka yi a gida ɗaya ni da ke, ba mu yi maganar kirki ba sai ta itace da magani. Ban ga laifinki ba. Akwai abin da na kasa faɗa miki baki da baki, shi ya sa na zauna a masaukin nan nake rubutawa.

Kina tsaye ranar da na sauka. Na faɗi na kama ƙafafunta, ta janye su ta ce miki, "Ba wa baƙon nan ruwa, daga nesa yake." Kin ga yadda na yi ta fama. Na aske gemu, na sa tsohuwar rigata ta makaranta da kika tono a akwati, na rera mata waƙar da take yi mana in ana ruwa. Ta saurara ta ce ina da murya. Har na bar gidan da ladabin baƙo take min magana, in na shigo ta ja zani ta rufe kafaɗa.

Ranar Laraba da kika tafi kasuwa, ina zaune a dakali ta fito da sandarta, riƙe da kofin tsala. Da hannunta ta dama, ta sa gishiri daidai, har da ɗan citta, yadda nake so. Na ce a raina yau ce. Ta zauna nesa kaɗan tana kallona ina sha.

"An ce daga Maskat kake," in ji ta.

Na ce, "Daga can nake, Atta."

"To ka san yarona? Kadiresan. Mai walda ne, dogo, yana da taurin kai."

Akka, sunan yana nan. Ban san inda ya ɓuya ba duk watannin nan, amma yana nan. Na ce, "Ni ne, Atta. Ni ne Kadiresan, dube ni da kyau." Ta yi dariya ta rufe baki, ta ce, "Kai, bar wasa da tsohuwa. Nawa yaro ne, kai ga furfura a kanka." Sai na ce to na san shi, ɗakinmu ɗaya.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Ƙarya kake, ba ya son girkin kowa sai nawa." Ta matso kusa, ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "In ka koma ka gaya masa kada ya zo. Zuhal bai tashi ba. An ce ɗayanmu zai ɗauka, ni kuwa na san halinsa, yaro zai ɗauka ya bar tsohuwa. Ka ce ina son ganinsa kamar in mutu, amma ya zauna can."

Na ce mata ya tashi, Atta, tun watan jiya ya tashi, an kunna fitilu, kowa ya gani. Ta girgiza kai ta ce haka suke cewa kullum.

"Zai ji," in ji ta. "Bakinsa ne kawai, amma bai taɓa ƙetare maganata ba. Za ka gaya masa?"

Na ce zan gaya masa. Ta ce ita ba ta yarda da maganar baki ba. Ta kamo hannuna ta ɗora a kanta, ta ce in rantse. Wannan ne kaɗai karon da ta taɓa ni tun da na zo.

Na rantse, Akka.

Ƙanenki,
Kadiresan